Shin Tafin Hannu Kiɗa Ne?

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili a shafin Hausa na wannan mujalla tamu, domin in faɗi ra'ayina a kan wata gardama da ta tashi a zauren taro, ta bi mu har ɗakin cin abinci, har wa yau kuwa ba ta mutu ba. Waɗanda suka halarci daren Ƙungiyar Hausa na zangon da ya wuce sun san abin da na ke nufi. Waɗanda ba su sami zuwa ba, ga yadda aka yi.

Bayan an gama wasan kwaikwayo, sai wani malaminmu ya tashi ya ce zai sa mana wani kiɗa na ƙasar Amurka, sa'an nan kowa ya faɗi abin da ya gani. Muka gyara zama, muna tsammanin bushe-bushe da goge-goge irin na Turawa. Da aka kunna majigi sai ga mutum biyu tsaye, ba ganga, ba garaya, ba sarewa, ba kuwa wanda ya buɗe bakinsa. Suka shiga tafi. Suka yi ta tafi har wajen minti biyar, sa'an nan suka tsaya cak, 'yan kallonsu na can kuma suka ɗauki nasu tafin. Shi ke nan, wai kiɗa ya ƙare.

Zaure ya kece da dariya. Wani daga can baya ya ce, "Gafarta Malam, yaushe za a fara kiɗan?" Wani abokina ɗan aji uku, mutum mai kaifin baki, ya miƙe ya ce in dai wannan kiɗa ne, to, shi ma tun yana goye makaɗi ne, don an gaya masa bai yi haƙori ba ya iya tafi. Ya ƙara da cewa shi bai ga bambanci tsakanin tafin mutanen nan biyu da tafin da aka yi musu ba, in za a biya kuɗi sai a raba da 'yan kallo. Aka sake tuntsirewa da dariya.

Ni ma na yi dariyar, ba na ɓoyewa. Amma ina kan hanyar komawa ɗakin kwana sai na tarar yatsuna suna buga cinyata, suna neman salon nan da na ji. Abin ya bi ni kwana da kwanaki, har na koma wurin Malam ya rubuta mini yadda a ke yinsa. Yanzu ra'ayina ya sake. Na tabbata tafin nan kiɗa ne, kiɗa kuwa na gwaninta, kuma dariyar da muka yi, mu da za mu fita mu koyar da yara, ba ƙaramar hasara ke cikinta ba.

Sunan abin Clapping Music, watau Kiɗan Tafi. Wanda ya tsara shi wani Ba'amurke ne, Steve Reich, an haife shi a birnin Niyu Yok cikin 1936, ya tsara wannan kiɗa cikin 1972. Shi da kansa ya ba da labari cewa suna yawon wasa a ƙasashen Turai da tarin kaya masu nauyi, sai wata rana da dare suka shiga wani gidan wasa a Burusal ta ƙasar Beljiyam, suka ga masu rawar Sifen suna tafi na gwaninta. Nan ya yi sha'awar ya tsara kiɗan da ba ya bukatar kome sai jikin ɗan Adam. Turawa suna kiran irin aikinsa da na abokansa, su Terry Riley da Philip Glass da La Monte Young, da wani suna mai ma'anar mafi ƙanƙanta. Ni dai zan ce kiɗan taƙaitawa, domin dabararsu ita ce a ɗauki ɗan abu kaɗan, a yi ta maimaita shi, ana sake shi sannu sannu.

To, bari in bayyana yadda tafin ya ke, don mai karatu ya gwada da hannunsa. Ka ƙirga daga 1 zuwa 12 da sauri, ba tsayawa, in ka kai 12 ka koma 1. Ka tafa sau uku, ka bar gurbi ɗaya shiru. Ka tafa sau biyu, shiru. Sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. Watau tafi 8 ke nan da shiru 4, shirun kuwa ya faɗa a kan 4 da 7 da 9 da 12. Iyakar kayan da aka gina kiɗan da su ke nan. Mutum biyu za su fara tare, kamar hannu ɗaya. Na farko ba ya sakewa har a gama. Na biyu kuwa, in sun maimaita sau 12, waɗansu su kan yi 8, sai ya goce da gurbi ɗaya tak, ya fara salon daga tafinsa na biyu. Su maimaita wannan, ya sake gocewa da gurbi ɗaya. Haka za a yi ta yi, har a gociya ta 12 ya zagayo ya cim ma ɗan'uwansa, su koma tafi ɗaya kamar yadda suka fara. Kamar 'yan tsere biyu ne a filin wasanninmu, ɗaya ya tsere wa ɗaya har ya kewayo ya riske shi ta baya.

Wanda ya ke son lissafi ya ɗauki alli ya duba abin da ke faruwa. A gociya ta fari shirun na biyu ya koma kan 3 da 6 da 8 da 11, saboda haka babu gurbin da su duka biyu suka yi shiru, duk inda wannan ya ɗaga hannu wancan ya cike, sai ka ji tafi ya zubo kamar ruwan sama a kan kwano. A gociya ta biyu sun haɗu a shiru ɗaya, a kan 7. A ta uku sun haɗu a biyu, 4 da 9, sai abin ya yi kamar mai ɗingishi. A ta shida kuma ya sake cikewa ba kafa. Ashe daga salo ɗaya an sami salo 12, kowanne da tafiyarsa, alhali kuwa ba a ƙara ko tafi ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kunne ya kan ji wani salo na uku wanda babu mai tafa shi a cikinsu. Ya kan kuma ɓace wa mutum inda 1 ta ke, ya yi ta lalube, har sa'ad da hannuwan nan huɗu suka sake haɗuwa ka ji zuciyarka ta sauka.

Na gwada da abokin ɗakina. A daren farko ba mu wuce gociya ta biyu ba. Da zarar ya goce sai hannuna ya bar nasa ya bi shi, ko kuwa shi ya zame ya komo wurina, mu tsaya muna zargin juna. Sai da muka yi mako biyu kafin mu kai ƙarshe sau ɗaya, shi ma da tuntuɓe. Saboda haka ga mai cewa kowa ya iya wannan, amsata gajeriya ce: kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Amma wuya kaɗai ba ta mai da abu kiɗa, in ba haka ba da faskare ma kiɗa ne. Babbar hujjar abokina ita ce, babu abin kiɗa a ciki, babu kuma hawa da saukar murya wanda mutum zai rera. A nan ne na ke ganin mun yi aron ma'aunin da ba namu ba. Bature yana da kalma ɗaya wadda ta tattara kome, in ɗan makaranta ya ji ta sai hankalinsa ya tafi wurin fiyano da do re mi da baƙaƙen ɗigo a kan layi biyar. Bahaushe ba haka ya raba abin ba. Yana da waƙa, ta baki. Yana da busa, ta algaita da kakaki da sarewa. Yana da kiɗa, wanda asalinsa bugu ne. Da bugu muka fara, har muka ari sunansa muka ba garaya da goge da molo. In Bajamushe ya yi shakkar cewa bugu tsantsa kiɗa ne, ana iya yi masa uzuri. Bahaushe fa, wanda aka haifa ana tambari a ƙofar fada, ana kuge, ana gangar noma a gayya?

Abokina ya ce ai Bahaushe ba ya cewa kiɗan tafi, tafi kawai ya ke cewa. Gaskiyarsa. Amma in yara suka sami malami ya fita suka dinga buga tebur, me a ke cewa suna yi? Kiɗa. In almajiri ya kife ƙoƙonsa yana bugawa? Kiɗa. Mata su kife ƙwarya a kan ruwa, ko su buga shantu a cinya, duk kiɗa. Ba mu taɓa tambayar ko abin da a ke bugawa an ƙera shi don kiɗa ba. To, in hannu a kan tebur kiɗa ne, hannu a kan cinya kiɗa ne, wace doka ta hana hannu a kan hannu? 'Yan mata a dandali suna gaɗa ba su da ganga ko ɗaya, tafin nan shi ke riƙe da waƙar da rawar duka, in ya karye kome ya watse.

Wanda ya tashi a gidan da a ke daka ya san lugude, nan kuwa na ke so a daɗe a duba. Mace ɗaya tana daka ita kaɗai, aiki ta ke yi, ƙarar taɓarya ba ta dame ta ba. In suka zama biyu ko uku a turmi ɗaya, tilas su tsara saukar taɓare, in ba haka ba su yi karo. Har yanzu dai ana iya cewa larurar aiki ce. Amma sai ka ga ɗaya ta cilla taɓaryarta sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke ta daidai gurbinta. Wata ta doki bakin turmi tsakanin bugu da bugu. Don Allah, wannan tafin da dukan bakin turmin, gero ya ke bukatarsu? Ko kusa. Ba su ƙara wa gari laushi. An yi su ne domin kunne, har maƙwabta su jiyo ta kan katanga su san gidan wane ana shirin biki. Wannan ƙarin da aiki bai nema ba, shi ne kiɗan. Iyayenmu mata suna kiɗan taƙaitawa da turmi ɗaya tun ba a haifi kakan Reich ba, ba wanda ya sa su a majigi.

Daga nan na fitar da ma'aunina, ga shi, wanda ya ga aibinsa ya rubuto. Na farko, sai abin ya kasance yana da tsarin da a ke iya karyawa, watau ana iya yin kuskure a cikinsa har mai sauraro ya gane. Na biyu, sai an yi shi da nufin a ji. Mu koma kan ba'ar da abokina ya yi, cewa a raba kuɗi da 'yan kallo. Hannu iri ɗaya ne, ƙara iri ɗaya ce, amma a cikin tafin 'yan kallo wa ya taɓa yin kuskure? In ka tafa da wuri ko ka makara ba wanda zai waiwayo. A cikin tafin mutanen nan biyu kuwa, gurbi ɗaya ya kuɓuce kowa ya ji. Ashe shi da bakinsa ya kawo misalin da ya fi kowanne nuna bambancin kiɗa da hayaniya. Injin niƙa yana da bugu daidai wa daida, agogo ma haka, amma ba mai nufin a saurare su. Sojan da ke fareti yana iya kuskuren taki, amma ba don kunne ya ke taka ƙasa ba, shi ya sa a ke haɗa shi da 'yan badujala.

Ba ni na fara neman irin wannan ma'auni ba. Wani masani Bature, John Blacking, wanda ya zauna cikin kabilar Benda ta Afirka ta Kudu daga 1956 zuwa 1958, ya fitar da littafi cikin 1973 inda ya nuna kiɗa sauti ne wanda ɗan Adam ya tsara. Na yarda da shi, sai dai ni na fi son a ƙara batun kuskure, don shi ne yaron firamare zai iya gwadawa da kansa.

Kada kuma a zaci na buɗe ƙofa ne kome ya shigo. Cikin 1952, a wani gari mai suna Woodstock a jihar Niyu Yok, wani makaɗin fiyano, David Tudor, ya hau dandamali ya zauna gaban fiyanonsa minti 4 da daƙiƙa 33 bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba, iyaka ya rufe murfi ya buɗe don a san kashi ya ƙare. Wanda ya tsara wannan shi ne John Cage, nufinsa kuwa mutane su saurari abin da ke kewaye da su, iska da ruwan sama da motsin 'yan kallo. Akwai masana da yawa da ke lissafa shi cikin kiɗa. Ni ban bi su ba. Darasi ne mai kyau a kan sauraro, na yarda, amma a cikin abin da kunne ya ji a ranar ba inda wani zai ce an yi kuskure, tarin wani ɗan kallo bai zo da wuri ba, bai kuma makara ba. Wanda ya haɗa Cage da Reich a kwando ɗaya, don kawai su biyu sun ba mutane dariya, bai saurare su ba.

Akwai kuma wurin da ma'aunina ya gaza, gara in faɗa da kaina kafin a faɗa mini. Karatun Alƙur'ani mai girma da kiran salla suna da tsari, ana gane kuskure a cikinsu, an kuma yi su don a ji. Baƙon da bai sani ba ya kan zaci waƙa ce. Amma ba Musulmin da zai kira su waƙa ko kiɗa, kuma maganarsa ce abin bi, domin shi ya san abin da ya ke nufi da su. Ashe bayan tsari da sauraro, sai an tambayi masu abu. To, masu tafin nan an tambaye su, sun ce kiɗa su ke yi.

Saura batun maimaici, wanda shi ne ya fi gundurar mutane a zaure. Wai abu ɗaya a ke ta yi. Ina mamakin jin wannan daga bakin mutanen da za su zauna su ji faifan Alhaji Mamman Shata tun daga fari har ƙarshe, 'yan amshi suna maimaita layi ɗaya, kalangai suna kan salo ɗaya, ba wanda ya ce ya gaji. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Barmani Choge da ƙore ta riƙe gidajen biki har ta rasu cikin 2013. Maimaici ba rashin dabara ba ne. Shi ne ke kafa ƙasa, har in an gusa kaɗan kunne ya lura. In kome yana sakewa kowane lokaci, gociyar gurbi ɗaya ba za ta jiwu ba, kamar yadda ba ka ganin tafiyar inuwa sai ka kafa sanda.

Amma a nan abokina yana da magana mai nauyi, ba kuwa zan danne ta ba. Ya ce su Shata suna da baki, kalma ke ɗauke da mai sauraro, kuma ko gangarmu ta bugu tsantsa magana ta ke yi, tana kiran taken wani, ɗan dambe ya ji nasa ya zabura, manomi ya ji nasa ya ƙara sunkuyawa. Abokan karatunmu Yarbawa za su ce haka dundun ta ke a wurinsu. Tafin Reich ba ya kiran kowa, ba a rawa da shi, ba biki ba suna, mutane suna zaune a kujera shiru kamar masu jarrabawa. Wannan gaskiya ne, a ganina ma rashi ne babba. In aka ce in zaɓi wanda zan ji ran bikina, ba sai an tambaye ni sau biyu ba. Wani dogon kiɗansa mai suna Drumming, wanda ya gama cikin 1971, ya kan kai awa guda ko fiye, an gina shi duka a kan salo ɗaya, da 'yan ganguna da jerin katako da jerin ƙarafa da muryoyin mata da 'yar sarewa. Ran da na fara jinsa barci ya sace ni a tsakiya. Sai dai tambayar ko abu kiɗa ne daban ta ke da tambayar ko ya yi maka daɗi. Tuwon da ba ka so bai tashi daga tuwo ba.

Ba mu kaɗai muka yi wa mutumin nan dariya ba, 'yan ƙasarsa sun riga mu, har sun fi mu zafi. Cikin 1973, a babban zauren Carnegie na Niyu Yok, aka yi wani kiɗansa na ogan huɗu da caki, inda a ke riƙe gamin sauti ɗaya ana ta ƙara masa tsawo har wajen kwata. 'Yan kallo suka yi ta ihu suna cewa a tsaya, waɗansu kuma suna mai da musu martani. Shekara 36 bayan haka, cikin 2009, aka ba shi lambar Pulitzer, wadda ke cikin manyan lambobin girma na Amurka. Ban kawo wannan don ya zama hujja ba, lamba ba ta mai da hayaniya kiɗa. Na kawo shi ne don a ga kunne ma koyo ya ke yi, in kiɗa ya sake rawa ta kan ɗan jima kafin ta sake.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Dabarar gociya, Reich ya fara gano ta ne cikin 1965, sa'ad da ya sa rikoda biyu suna maimaita guntuwar muryar wani mai wa'azin titi na San Faransisko, sai ɗaya ta riƙa tsere wa ɗaya kaɗan kaɗan. Amma salon gurbi 12 da sarƙa bugu cikin bugu, ba a Amurka aka haife su ba. Ya karanta littafin A. M. Jones na 1959 a kan kiɗan Afirka, wanda ya rubuta kiɗan kabilar Ewe dalla-dalla. Cikin 1970 ya tashi takanas ya zo Jami'ar Gana da ke Legon, ya zauna gaban wani gwanin makaɗin Ewe, Gideon Alorwoyie, yana koyo, har zazzaɓin cizon sauro ya kore shi gida bayan mako 5. Drumming da Kiɗan Tafi duka bayan wannan tafiya suka fito. Kugen Ewe yana riƙe salo mai bugu 7 cikin gurbi 12, Yarbawa ma suna da irinsa a agogonsu na ƙarfe, duk wanda ya jera shi da na Reich mai 8 cikin 12 zai ga dangantaka. Shi dai bai ɓoye malaminsa ba, bai kuma ce kiɗan Afirka ya ke yi ba, ya ce tafiyar ta tabbatar masa da hanyar da ya riga ya kama. Duk da haka sunansa ne a kan takarda, shi a ke biya in an buga, waɗanda suka ƙago salon kugen kuwa ba wanda ya san sunansu. Wannan abin a yi gardama a kansa ne, na fi son ma da ita muka yi a zaure.

Maimakon haka me muka yi? Mutum ya ƙetare teku ya zo maƙwabtanmu ya durƙusa ya koyi abu, ya koma ya sarrafa, aka kawo mana a majigi, muka dube shi muka ce wannan ba kiɗa ba ne. Ba Reich muka yi wa dariya ba, shi ba ya ma san muna yi. Luguden iyayenmu muka yi wa, da gaɗar ƙannenmu, don in tafi mai tsari ba kiɗa ba ne, su ma ba kiɗa ba ne. Abin kunya kuma ta ɗaya gefen, ni kaina ban tsaya na saurari lugude da kunnen basira ba sai da na ga Bature ya sa wa irinsa lamba. Wannan laifina ne, na kuwa ɗauka.

Jama'a, mu fa malamai za mu zama. Yawancinmu za a tura mu makarantun da ba fiyano, ba ganga, wani wuri ko benci bai isa ba. In mun fita da ra'ayin cewa kiɗa sai da kayan Turawa da do re mi, to, ran da darasin kiɗa da waƙa ya zo a jadawali sai mu ce ba kayan aiki, mu sa yara su kwafi bayani daga allo, su haddace sunayen kayan da ba su taɓa gani ba. Yaro ya tashi da sanin cewa kiɗa wani abu ne da ke cikin littafi, abin da uwarsa ke yi a turmi kuwa surutu ne. Alhali aji mai yara hamsin yana da hannu ɗari. Na gwada a lokacin koyarwar gwaji da 'yan aji biyar. Na raba su gida biyu, na rage salon ya koma gurbi 6, na rubuta lambobi a allo na kewaye na shiru. Kafin a buga ƙararrawa sun yi gociya biyu ba su watse ba, 'yan matan kuwa sun fi mazan nesa, don su sun saba a dandali. Wata yarinya ma ta ce in bari ta kawo nasu salon na gaɗa a goce da shi, muka yi, ya kuwa fi nawa daɗi. Har malamin ajin da ke kusa ya leƙo ya ce mu rage hayaniya, ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sai na ga ƙafarsa tana motsi.

Abokina ɗan aji uku har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce sai ya ga amsata a rubuce. To, ga ta, malam. Ina kuma gayyatarka zauren taro ran Asabar ta biyu bayan fitowar wannan mujalla, da la'asar sakaliya, gaban duk wanda ya ke so ya zo. Ni zan riƙe salon da ba ya sakewa, kai ka ɗauki mai gociya, tun da ka ce tun kana goye ka iya. In ka kai gociya ta 12 muka haɗu ba ka yi tuntuɓe ba, shayi da burodinka na mako guda a wuyana.